KULA DA 'YA'YAN KYANWA MARASA LAFIYA DA AKA TSINTA: BAYANI GA JAMA'A DA JAMI'AN ƘANANAN HUKUMOMI

Gabatarwa

A ƙauyuka da garuruwan wannan jiha akwai kyanwoyi masu yawa waɗanda ba su da ubangida. Suna zaune a kangaye, da ƙarƙashin rumbuna, da bayan kasuwanni, da wuraren zubar da shara, kuma a nan suke haihuwa. Sau da yawa yara kan tsinci 'ya'yansu cikin halin yunwa ko rashin lafiya su kawo gida, iyaye kuma su rasa yadda za su yi da su. Mun shirya wannan bayani domin magidanta, da malaman gona, da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi, da dagatai da masu unguwanni, saboda su ne jama'a kan fara tuntuɓa.

Kyanwa dabba ce mai amfani ga manomi, domin tana rage ɓeraye masu ɓarnar hatsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kiwon kyanwa cikin matakan da ke taimakawa wajen nisanta ɓeraye daga gidaje domin kauce wa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a shekarar 1969. Sai dai ɗan kyanwar da aka tsinta yana iya zuwa da cututtukan da ke kama mutum. Shi kansa kuma ana yawan rasa shi saboda kuskuren masu jinya, kamar ba shi madarar shanu ko maganin mutane. Abin da muke so jama'a su riƙe shi ne a bi matakai bi da bi: a kare mutanen gida, a ɗumama shi, a ba shi ruwa, a ciyar da shi, sa'an nan a kai shi ga likitan dabbobi.

Kafin a ɗauke shi

Ba kowane ɗan kyanwa da aka gani shi kaɗai ne maraya ba. Uwar takan fita neman abinci ta yi sa'o'i, kuma ba za ta dawo ba muddin mutane na tsaye a wurin. Idan 'ya'yan suna kwance a dunƙule, jikinsu da tsabta, cikinsu a cike, alama ce uwar na nan kusa. A barbaɗa toka ko gari kewaye da wurin, a tafi, a dawo bayan sa'o'i 4 zuwa 6 a duba ko akwai sawunta. Idan akwai, a bar mata su, domin babu jinyar da ta kai nonon uwa.

Ana ɗauke su nan take idan an ga gawar uwar, ko jikinsu ya yi sanyi, ko sun jiƙe, ko tururuwa da ƙudaje sun rufe su, ko suna da rauni, ko kuma wurin na da haɗari kamar bakin hanya ko magudanar ruwa. Waɗanda aka samu a daji nesa da gari a yi hattara da su, domin suna iya zama 'ya'yan kyanwar daji, waɗanda ba sa sabawa da zaman gida. Irin waɗannan a sanar da jami'an gandun daji.

Kare mutanen gida

Babban ne zai ɗauke shi, ba yaro ba. A sa safar hannu ko a rufe shi da tsumma mai kauri, domin ko ƙarami ne yakan yi cizo da yakushi idan ya tsorata. A ajiye shi cikin kwali ko kwando a ɗakin da ba a kwana a ciki kuma ba a ajiye abinci, a ware shi daga sauran kyanwoyin gida har kwana 14. A wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa shi.

Cutar da ta fi kowace haɗari ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karnuka ne ke yaɗa kusan dukkanta, amma kyanwa ma na ɗaukarta ta kuma harbi mutum. Idan ɗan kyanwa ya ciji wani ko ya yakushe shi har fata ta buɗe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar domin a duba batun allurar rigakafi. Kada a jira a ga alamu, domin idan alamun cutar suka bayyana ga mutum, kusan babu mai tashi. Ita kuwa dabbar a tsare ta a sa mata ido kwana 10. Idan ta mutu cikin wannan lokaci, ko ta soma dalalar da miyau, ko ƙafafunta suka shanye, ko halinta ya sauya farat ɗaya, kada a jefar da ita. A sanar da ofishin likitan dabbobi domin a aika samfuri ɗakin gwaji. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin wuraren da ke yin wannan gwaji.

Akwai kuma makero, wanda ke bayyana a matsayin zagayayyen tabo da gashi ya zube, galibi a kai da kunne da ƙafa, kuma yana saurin kama yara. Mata masu juna biyu kada su kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya cutar da abin da ke ciki. Ƙwayar tana bukatar kwana 1 zuwa 5 a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashe shi kullum ke rage haɗarin ƙwarai.

Yadda ake gane kwanakinsa

Irin jinyar da za a yi ta dogara ga kwanakinsa, kuma ana iya ƙiyasta su da ido:

Idan cibiya na nan a manne, bai wuce kwana 3 zuwa 5 ba.
Idan idanu a rufe suke, kunnuwa a naɗe, bai kai kwana 7 zuwa 10 ba.
Idan idanu sun buɗe amma yana jan ciki, yana wajen mako 2.
Idan kunnuwa sun miƙe, ƙananan haƙoran gaba sun fito, yana tafiya da tangaɗi, yana wajen mako 3.
Idan fiƙoƙi sun fito yana kuma wasa, ya kai mako 4 ko fiye.

Ana haihuwar ɗan kyanwa da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kuma mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a kowace rana. Wanda ke da ƙaramin sikeli ya riƙa auna shi kullum a lokaci guda yana rubutawa. Tsayawar nauyi ko raguwarsa kwana 2 a jere ita ce alamar farko ta matsala, tun kafin a ga wata.

Mataki na farko: ɗumi

Ɗan kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai mako 3 zuwa 4. A taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa da cikin bakinsa. Idan da sanyi, kada a ba shi madara ko kaɗan, domin hanjinsa ba ya aiki cikin sanyi. Madarar za ta tsaya a ciki ko ta koma huhu. A zuba ruwan ɗumi a gora, a naɗe ta da tsumma, a ajiye kusa da shi, ko a naɗe shi a sa shi cikin riga a jikin mutum. Ɗumamawar ta kasance sannu a hankali, cikin minti 30 zuwa sa'a 1. A bar gefe ɗaya na kwalin babu gora domin ya matsa idan zafi ya yi masa yawa.

A makon farko yana bukatar shimfiɗa mai ɗumin digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos. Lokacin hunturu dare kaɗai ya isa ya kashe shi idan an bar shi a tsakar gida. Kada a ajiye shi kusa da kaskon gawayi ko murhu, saboda ƙuna da hayaƙi. Da bazara kuwa haɗarin ya juya: ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana yana iya wuce digiri 40, don haka a nema masa inuwa mai iska. Buɗe baki yana haki alama ce ta zafi ya yi yawa.

Mataki na biyu: ruwa da sukari

Wanda ya daɗe bai sha nono ba sukarin jininsa kan faɗi, sai ya yi laushi, ya kasa ɗaga kai, wani lokaci ya yi ta karkarwa. A shafa masa ɗigon zuma ko ruwan sukari a dasashi da ɗan yatsa, a maimaita bayan 'yan mintoci har ya farfaɗo, ana ci gaba da ɗumama shi. Ƙarancin ruwa a jiki kuma ana gane shi da bushewar dasashi, da faɗawar idanu, da fitsari mai duhu. Idan yana iya haɗiya, a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na ƙunshin da ake ba yara masu gudawa, mililita 1 zuwa 2 a lokaci guda, da ɗuminsa. Inda babu ƙunshin, a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai. Wannan aikin likita ne.

Mataki na uku: ciyarwa

Madarar shanu ba ta dace da shi ba. Sukarin da ke cikinta ya yi masa yawa, abin gina jiki da maiƙo kuma sun yi kaɗan, sakamakon haka sai gudawa ta kama shi ta ƙarasa shi. Haka nan kada a ba shi madarar gwangwani mai zaƙi, ko koko, ko fura. Abin da ya dace shi ne garin madarar da aka yi musamman domin 'ya'yan kyanwa, wanda ake samu a wasu shagunan magungunan dabbobi a manyan garuruwa. Kafin a samo ta, ana iya riƙe shi kwana 1 ko 2 da madarar akuya da aka tafasa ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai 1 a cikin kofi 1. Inda babu firij, a riƙa haɗa sabuwa, kada a ba shi wadda ta daɗe a ajiye.

Ana ba shi da ƙaramin sirinji da aka cire wa allura, wanda aka wanke da ruwan zafi. A ɗiga madarar a bayan hannu a tabbatar ɗumi gare ta ba zafi ba. A kwantar da shi rub da ciki kamar yadda yake shan nonon uwa, kai a ɗan ɗage. Kada a kwantar da shi rigingine kamar jariri, kuma kada a matsa sirinjin da ƙarfi. Idan madara ta fito ta hanci, a tsaya nan take, domin shigarta huhu na kawo ciwon da ke kisa cikin kwanaki kaɗan.

Gwargwadon abin da ake bayarwa a kowane lokaci shi ne:

Mako na 1: mililita 2 zuwa 6, kowane sa'o'i 2, dare da rana.
Mako na 2: mililita 6 zuwa 10, kowane sa'o'i 2 zuwa 3.
Mako na 3: mililita 10 zuwa 14, kowane sa'o'i 3 zuwa 4.
Mako na 4: mililita 14 zuwa 18, kowane sa'o'i 4 zuwa 5.

Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar mililita 5. Mara lafiya a fara masa da ƙasa da wannan, a yawaita lokutan. Bayan kowace ciyarwa a jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi a riƙa shafa masa ƙasan ciki da gindin wutsiya har ya yi fitsari, domin kafin mako 3 ba ya iya yi da kansa. Uwar ce ke lasar sa. Daga mako 4 zuwa 5 a soma haɗa masa madarar da dafaffen nama ko kifi da aka cire wa ƙaya aka daka, ko dafaffen ƙwai, babu gishiri, babu yaji, babu albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun na lalata jinin kyanwa. Tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe kyanwa. Jikinta na bukatar nama. A ajiye masa ruwa mai tsabta da kuma faranti mai yashi domin bahaya.

Cututtukan da aka fi gani

Mura da ciwon ido. Alamunsu atishawa, da majina, da kwantsa mai manne idanu. A tafasa ruwa ya huce, a jiƙa auduga a goge daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa, sau 3 ko 4 a rana. A goge hanci kafin ciyarwa, domin kyanwar da ba ta jin ƙanshi ba ta cin abinci. Idan ido ya kumbura a rufe ko yana fitar da mugunya, ana bukatar maganin ido daga likita da gaggawa, in ba haka ba idon na iya mutuwa.

Ƙuma. Suna shan jini har dasashi ya yi fari, kuma sukan kashe ƙarami. A tsefe su da matsefi mai ƙananan haƙora a jefa cikin ruwan sabulu. Idan jikinsa da ɗumi kuma yana da ɗan ƙarfi, a wanke shi daga wuya zuwa ƙasa da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi cikin minti 2 ko 3, a tsane shi sarai nan take. A sauya shimfiɗa kullum.

Tsutsar ciki. Kusan duk ɗan kyanwar da aka haifa a waje yana da ita, sau da yawa daga nonon uwa. Alamarta ƙaton ciki da rama da gashi mara sheƙi. Akwai magani mai sauƙi da ake fara bayarwa daga mako 2 zuwa 3 ana maimaitawa bayan mako 2, amma likita ne zai auna shi bisa nauyi.

Gudawa da amai. Gudawa mai sauƙi takan zo daga yawan madara ko kaurinta. A rage, a ƙara ruwan gishiri da sukari. Amma idan ta zo da amai, da jini, da wari mai tsanani, da ƙin cin abinci, ana zargin wata muguwar cutar hanji ta kyanwoyi mai saurin yaɗuwa da kisa. Ba ta kama mutum, amma ƙwayarta na iya rayuwa a ɗaki har shekara guda. A ƙone kwalin da tsummokaran, a wanke ƙasa da kwanuka da ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 20 na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye.

Abubuwan da ba a ba kyanwa

Muna jaddada wannan sashe domin a nan aka fi yin asara. Farasitamol guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma ɓarin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka sauran magungunan ciwon jiki na mutane. Kada a fesa mata ko a shafa mata maganin sauro, ko fiya-fiya, ko maganin ƙwarin gona, ko kananzir, ko baƙin mai. Maganin kaska na shanu da maganin ƙuma na karnuka su ma suna kashe kyanwa. Ruwan wanke ƙasa irin su Izal da Dettol ba su dace da jikinta ko kwanonta ba, domin tana lasar jikinta ta haɗiye su. Kada kuma a sa maganin ɓera a inda take kaiwa.

Lokacin da jinyar gida ba ta isa ba

A kai shi asibitin dabbobi ba tare da jinkiri ba idan ya ƙi shan madara sau 2 a jere, ko yana numfashi da ƙyar, ko dasashinsa ya yi fari ko shuɗi, ko jikinsa ya ƙi ɗumama bayan sa'a 1, ko yana farfaɗiya, ko akwai tsutsa a rauni, ko bai yi fitsari ba tsawon yini. A tafi da shi cikin kwali mai gorar ruwan ɗumi. Baya ga ofisoshin dabbobi na gwamnati, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Ya kamata a sani cewa 'yan ƙasa da mako 2 da suka rasa uwa, wasunsu kan mutu ko da an yi duk abin da ya dace. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, nesa da rijiya.

Sabo da mutane da rigakafi

Tsakanin mako 2 zuwa 7 ne ɗan kyanwa ke koyon yarda da mutum. Wanda aka tsinta cikin wannan lokaci yakan saba cikin kwanaki. Wanda ya wuce wata 2 zuwa 3 yakan ɗauki makonni, wani ma ba zai saba ba har abada. A riƙa zama kusa da shi lokacin cin abinci, ana magana da murya ƙasa-ƙasa, ana naɗe shi a tsumma a riƙe na 'yan mintoci kullum. Kada a doke shi don ya yi huci. Tsoro ne ke sa shi. Idan ya warke, ana fara allurar rigakafin mura da cutar hanji daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa kowane mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta haukan kare kuwa ana yin ta daga mako 12. Macen kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Saboda haka a tuntuɓi likita kan yi wa muzuru fiɗiya da yi wa mace aikin hana haihuwa, domin ta nan ne ake rage yawan marayun da ake tsinta.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Muna kira ga hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin makarantu, su riƙa faɗakar da yara cewa duk wanda kare ko kyanwa ta ciza ya faɗa wa iyayensa nan take, kada ya ɓoye don tsoron faɗa. Ma'aikatan ɗakunan shan magani su rubuta kowane cizon dabba su sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, su kuma san asibiti mafi kusa da ke da allurar rigakafi domin tura mutane. Malaman gona da ma'aikatan dabbobi su sanya kyanwoyi cikin lissafi duk lokacin da ake yi wa karnuka rigakafi, musamman a ranar 28 ga Satumba, wadda tun 2007 ake kiyaye ta a matsayin ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya.

Masu bukatar ƙarin bayani su tuntuɓi sashen gona da kula da dabbobi a sakatariyar ƙaramar hukumarsu, ko asibitin dabbobi mafi kusa da su.